Tinto da Wainar Masara

A duk faɗin garin Salamina babu wanda aka zalunta kamar Kawu Ovidio. Shi ya faɗa da bakinsa. Yana tsaye a tsakar gida, riƙe da farar malafarsa. Kare ya tauna mata baki.

"Ku duba nan," in ji shi. "Malafar da mata ke leƙowa ta taga don su gani. An gama da ni. Ku kira mai akwatin gawa."

"Ovidio, gefe ɗaya ne ya ɗan yage," in ji Mama, tana shara.

"Gefen da ya fi kyau ke nan. Shi nake karkatowa idan zan gai da mutane."

Dayana ta ɓoye fuska a wuyan karen tana dariya. Shekararta goma. Kawu Ovidio ƙanin Mama ne, kuma a gidansu yake zaune. Karen kuwa sunansa Tinto. Baƙi ne wuluk, kamar kofin da Mama ke sha da safe.

Amma Tinto ba nasu ba ne. Akwai wata makaranta a birni da ke horar da karnuka masu yi wa makafi jagora. Tana ba mutane riƙon 'yan kwikwiyo na shekara guda. Idan sun girma, sai ta karɓe su.

Malama Griselda ce ta kawo shi. Ita ce mai horar da karnukan. Ranar da ta zo, ta ba Dayana wata 'yar shuɗiyar riga ta kare.

"Idan yana sanye da wannan, aiki yake yi," in ji ta. "Kada ki ba shi abinci a kan titi. Ko loma ɗaya. A kwanonsa kaɗai zai ci."

"Me ya sa, Malama?"

"Domin wata rana shi ne zai zama idon wani. Idan ya bi ƙamshin abinci, da mutumin zai tafi."

Dayana ta riƙe dokar sosai. Ta koya wa Tinto zama. Ta koya masa tsayawa a bakin titi. Kullum da yamma tana sa masa riga, su zaga gari. Kawu Ovidio yakan bi su. Ya ce wai tsaron Dayana yake yi. Amma da sun isa dandali, sai ya karɓe igiyar, ya gyara gashin baki, yana tafiya kamar nasa ne karen.

Watanni suka wuce. Wata rana Mama ta ce, "Malama Griselda ta yi waya. Bayan Kirsimeti za ta zo ta tafi da shi."

A ranar, Dayana ba ta ci abincin rana ba. Da yamma suka fita yawo. A kwanar kasuwa akwai wata mata mai gasa arepa, wainar masara mai cuku. Nan Kawu Ovidio ya tsaya ya sayi guda biyu.

"Ni dai idan karen nan ya tafi, sai in ce Allah ya raka taki gona," in ji shi, amma bai rufe baki ba ya ga hawayenta. Sai ya sassauta murya. "'Yata, bar kuka. Ni ba na ƙaunar wannan ɓarawon malafa. Amma na ji an ce kare mai kwaɗayi ba ya cin jarrabawa. Wanda ya faɗi kuma, gida ake mayar da shi."

Dayana ta ɗago kai.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji Kawu. Ya miƙa mata waina, ya juya yana kallon gajimare.

Dayana ta dubi wainar. Ta dubi Tinto cikin shuɗiyar rigarsa. Ta gutsuro kaɗan, ta sauke hannunta a hankali. Tinto ya ɗan yi jim, sannan ya lashe.

Washegari ma haka. Jibi ma haka. Kafin Kirsimeti, da sun doshi kwanar kasuwa sai Tinto ya fara jan igiya. Ko motoci ba ya dubawa.

Ranar tafiya ta zo. Malama Griselda ta sa shi a mota. Tinto ya manna hanci a gilashi har motar ta sha kwana. Dayana ta ɗauki kwanonsa ta wanke, ta ajiye a ƙarƙashin gadonta.

"Zai dawo," ta ce a ranta. "Zai faɗi jarrabawa, ya dawo."

Ta yi ta jira. Damina ta zo ta wuce. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida, sai ta ruga ta leƙa.

Wata Asabar Mama ta dawo daga kasuwa da fara'a.

"Tinto yana gari," in ji ta. "Ya yi ƙoƙari a birni. Kin san wa za a ba? Doña Amparo."

Doña Amparo ita ce malamarsu ta aji ɗaya. Ita ta koya mata rubuta sunanta. Ciwon sukari ya cinye mata ido, ta bar koyarwa. Tun daga nan ba a cika ganinta a waje ba. Titunan Salamina gangare ne, kuma tana tsoron faɗuwa.

"Yau za su gwada tafiya tare," in ji Mama. "Daga gidanta zuwa kasuwa."

Dayana ta fita a guje. Ta hango su daga nesa. Tinto ya ƙara girma. An ɗaura masa ɗamarar fata mai mariƙi, Doña Amparo na riƙe da mariƙin. Malama Griselda na biye da su a baya. Doña Amparo tana murmushi, tana amsa gaisuwar mutane.

Suka iso kwanar kasuwa. Mai waina ta juya arepa a kan wuta. Hayaƙi ya tashi.

Tinto ya ɗaga hanci. Ya fizga gefe.

Ƙafar Doña Amparo ta zame daga dakalin titi. Ta faɗi a kan duwatsu. Wani mai babur ya taka birki dab da ita. Gilashin idonta ya yi gefe, gwiwarta ta fashe. Mutane suka taru.

"Ba komai, ba komai," take ta faɗa, tana lalube a ƙasa. "Ina karen? Kada a dake shi. Ni ce ban iya ba."

Tinto kuwa yana zaune gaban mai waina. Yana kaɗa wutsiya, yana jira.

Da yamma Malama Griselda ta kawo shi gida. Ta cire masa ɗamara.

"Ban gane ba," in ji ta. "A birni bai taɓa yin haka ba. Amma ba zan ba makauniya karen da ke bin abinci ba. Idan kuna so, ku riƙe shi. Ya zama naku."

Ga abin da Dayana ta yi ta roƙo. Tinto ya zo yana lasar hannunta. Ta kasa shafa shi.

"Malama, Doña Amparo fa?"

"Ta daɗe tana jira kafin layi ya zo kanta. Yanzu sai ta sake jira. Ta ce mini ma ta haƙura. Ta ce zaman gida ya fi mata."

Kawu Ovidio ya tashi. Ya ce ya tuna ya bar wani abu a wurin aski. Ya sulale.

Dayana ta fashe da kuka.

"Ni ce. Ni na riƙa ba shi waina a kwanar, yana sanye da riga. Ina so ya faɗi don ya dawo."

Mama ta ajiye kofin da ke hannunta. "Dayana. Kin san abin da kika yi?"

"Ban san ita za a ba ba, Mama."

"Da wani ne fa? Shi ba gwiwa gare shi ba?"

Dayana ta sunkuyar da kai.

"Da ba ki faɗa ba, da na ɗauka halinsa ne," in ji Malama Griselda. "Hali ba ya gyaruwa da sauƙi. Amma abin da aka koya wa kare, ana iya cire masa. Ke kika ɓata, da ke za mu gyara. Kuma ina gaya miki, zai yi miki zafi."

Washegari Mama ta raka ta gidan Doña Amparo. Dayana ta faɗi gaskiya duka. Doña Amparo ta lalubo fuskarta, ta share mata hawaye da babban yatsa.

"Na ji ciwo, 'yata, ba zan ɓoye miki ba," in ji ta. "Amma na yafe. Ki dawo mini da karena. Ina kewar ƙamshin kasuwa."

Aikin Dayana shi ne ta tsaya a kwanar kasuwa, riƙe da waina mai zafi. Malama Griselda za ta wuce da Tinto cikin ɗamara. Ba a yarda Dayana ta kira shi ba. Ba a yarda ta dube shi ba.

Ranar farko Tinto ya ja wurinta yana kuka ƙasa-ƙasa. Dayana ta kafa ido a kan bango. Hawaye na ɗiga a kan wainar. Tinto ya taɓa ƙafarta da hanci. Ba ta motsa ba.

"A'a, Tinto. Gaba," in ji Malama Griselda.

Haka suka yi ta yi, mako bayan mako. Tinto ya daina ja. Sannan ya daina kuka. Wata rana ya wuce ta gabanta, ko kai bai juya ba.

"Madalla," in ji Malama Griselda, tana shafa shi. "Ya warke."

Dayana ta ce ta gode. Ta je bayan rumfar mai waina, ta yi kukanta ta ƙoshi.

Ranar gwaji na biyu, Dayana da Mama da Kawu Ovidio suka zauna a benci kusa da kwanar. Ga Doña Amparo nan tafe. Hayaƙin arepa ya tashi. Tinto ya tsaya cak a bakin titi. Ya jira babur ya wuce. Ya tsallaka da ita lafiya, har cikin kasuwa. Da ya zo wucewa ta gaban bencin, wutsiyarsa ta kaɗa sau ɗaya. Dayana ta yi murmushi.

Kawu Ovidio ya cire malafarsa, ya goge ido da ita.

"Hayaƙi ne," in ji shi. Ya yi ta juya malafar a hannu. "To, bari in faɗa, tun da ba wanda ya tambaye ni. Shawarar wainar nan tawa ce. Yarinyar ta rufa mini asiri ne kawai."

Mama ta juyo. "Ovidio."

"Saura kaɗan. Malafar ma ba laifinsa ba ne. A cikinta nake ɓoye masa cuku, in ba shi a bayan gida. Ni na fara koya masa kwaɗayi. Gobe zan je in durƙusa wa Doña Amparo." Ya mayar da malafar kansa, ya karkata ta. "Amma ku yarda, ko a yage ta fi ta kowa kyau."

Yanzu duk ranar Lahadi Dayana tana zuwa gidan Doña Amparo. Sai an cire wa Tinto ɗamara, sannan ta kira shi. Nan take yake rugowa, ya kusa kayar da ita.

Dayana ta gane cewa idan aka ba ka amanar abu, ka riƙe shi yadda aka ce, ko da rabuwa da shi za ta yi maka zafi. Wataƙila akwai wanda ke jiransa, wanda ya fi ka bukata.