Tumakin da Katanga Ta Danne

Ruwan farko ya zo wa ƙauyen Yammedi da iska, ya yaye rumfar tumakin Halliru, katanga ta rufta wa wasunsu. Ko wuƙa bai samu ya sa musu ba. Da ma bazara ta cinye masa harawa ƙaf, har ya zama ko baƙin cikin ma ba ya ji.

Bayan isha'i ya tura mushen a baro zuwa kwari. Yana juyewa sai ga wani tsoho tsaye cikin taɓo, sanda a kafaɗa, rigarsa a bushe ƙayau. Bai yi sallama ba. Kwaɗi suka yi tsit.

"Ɗana, ka bar mini tumakin naka?"

"Mushe ne, Baba."

"Na sani. Ka bar mini?"

"Kwashe duka," in ji Halliru, ya juya.

Sai ya ji tsohon ya yi kiran da shi Halliru yake wa tumakin in zai zuba dusa, da muryar Hallirun sak. Tunkiyar da wuyanta ya karye ta miƙe tana karkaɗe laka. Can daga gida kuma, ragowar da suka tsira suka amsa.