Saƙon da Ya Ƙi Fita Ɗaki

"Zulai... da gangan kika bar shi haka?"

Al'amin ya faɗa ƙasa-ƙasa, idonsa a kan kwamfutarta. Ta kasa kallonsa. Umar Faruƙ, ɗan baffanta mai nacin sonta, yana tokare da ƙofa, wayarta a aljihunsa. Shi ya kai wa mahaifinta gulmarsu.

Mahaifin nata, Alhaji Illiya, mai tashar manyan motoci a Zongo, ya riga ya yanke hukunci. Ba zai ba da 'yarsa ga Al'amin, ɗan birni mai uwa Bamoshiya, wadda ba Bahaushiya ba. Ranar da ta gama masa manhajar nan, ranar za a sa ta a motar Maraɗi, a raba ta da shi.

Manhajar multikas ce: saƙo ɗaya a aika, allunan sanarwa na tashar duka su karɓa. Soket, wato ƙofar fitar saƙon, ya buɗe, alluna sun shiga rukuni suna saurare, amma saƙo ya ƙi wuce ɗakin nan. Da Alhaji ya gaji, dole ya kira Al'amin, don shi ya ja musu rezo, wato layin sadarwar tashar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"TTL ɗinki, adadin zangon da saƙo zai iya ci, ɗaya ne, ma sheri. Da ya isa ruta ta farko, na'urar da za ta miƙa shi gaba, yake mutuwa."

"Na sani..." Hawaye suka zubo mata. "In na gyara, tafiya zan yi. In ban gyara ba, ina nan a kulle. Ina zan sa kaina?"

"Ni dai ban ga komai ba. Zan ce ya fi ƙarfina."

"A'a, masoyina. Na gaji!"

Ta ja kwamfutar, ta mayar da TTL ɗin daga ɗaya zuwa takwas. Ta rubuta saƙon gwaji, ta danna.

Hayaniyar tasha ta ɗauke ɗif.

Sai ga Alhaji ya ture Umar Faruƙ ya shigo, tsofaffin direbobi na biye da shi. Kowane allo ya nuna abu ɗaya: "Baba, na gama aikinka. Zan bi umarninka, amma Al'amin nake so."

"Ni za ki tozarta a gaban jama'a?!"

"Ka hana ni waya, ka hana ni magana, Baba..."

Ta durƙusa tana kuka, tsoro ya cika ta. Wani dattijo cikin direbobin ya dafa Alhaji.

"Alhaji, yarinyar da ta ce za ta bi umarninka ai ba ta tozarta ka ba."

Ya daɗe yana kallonta, idonsa ya kaɗa. Sannan ya juya ga Al'amin.

"Kai kuma ka tsaya kana zare ido! Ba ka da magabata ne?"