Amin Ɗin Da Rahmatu Ta Ƙi Cewa

Kowace mace a falon ta ɗaga hannu sama, ban da Rahmatu.

Nata hannuwan suna kan cinyarta, sun yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.

Gidan Hajiya Zaituna ne a Gwarinpa, kuma yau shekara uku ke nan da tashin bam ɗin tashar mota, wanda ya ci ran maigidanta tare da mutane masu yawa. Duk shekara sai an taru an yi masa addu'a, maza a rumfa a tsakar gida, mata a falo, lasifika na kawo musu abin da ake faɗi. Malam ya gama tasa, sai ƙanin Hajiya, Kawu Farouk, tsohon soja, ya karɓi lasifikar.

"Allah ka ƙara wa sojojinmu ƙarfi."

"Amin..."

"Duk wanda suka kama a kan wannan ta'asa, Allah kada ka nuna masa hasken rana! Shi da masu ɓoye shi, da masu yi masa kuka!"

Falon ya amsa gaba ɗaya, har da masu latsa waya. Rahmatu ta buɗe baki, amin ɗin ya ƙi fita.

Ba zuwan kanta ta yi ba, Lukmanu ne ya kawo ta, ɗan Hajiya na fari, ma'aikaci a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya. Ya fara ganin ta ne a Kuchigoro, inda 'yan gudun hijira ke zaune, ranar da ofishinsu ya je rabon shinkafa da ɗaukar hoto. Tana gindin bishiya tana ɗinkin hula, ko kai ba ta ɗaga ba. Ya sayi ɗaya. Ya dawo ya sayi wata. Da hulunan suka yi wa kansa yawa, dole ya faɗi abin da ke kawo shi. Ita kuma ta so shi, so na gaske, irin wanda ke sa mutum ya soke yatsa da allura yana murmushi.

Da safen nan, a mota, ya rage murya ya ce mata,

"Rahmah tawa, alfarma ɗaya nake roƙo. In Mami ta tambayi 'yan uwanki, ki ce ke kaɗai ce."

"Ni kaɗai? Yaya Salisu fa?"

"Yau kawai, don Allah. Ranar Abba ce. In ta saba da ke, ni da kaina zan yi mata bayani."

Haka aka yi kuwa. Hajiya ta riƙe hannunta, ta yaba hankalinta, ta ba ta labarin da take ba kowane baƙo: yadda wani yaro mai baro ya ɗauki Alhaji daga cikin hayaƙi ya tura shi har bakin titi, shi ya sa aka samu gawarsa a cike aka yi mata sutura. Ba ta san yaron ba, amma kullum yana cikin addu'arta. Sannan ta tambaya,

"Ku nawa ne wurin mahaifiyar taki?"

"Ni kaɗai ce, Hajiya."

Tun da ta faɗi maganar nan bakinta yake ɗaci. Ta riga ta binne yayanta sau ɗaya yau saboda namiji. Yanzu kuma a ce ta sa baki a tsine masa?

"Mami," wata siririyar murya ta ratsa falon, "baƙuwarki fa ba ta ce amin ba."

Kauthar ce, 'yar Kawu Farouk, wadda dangi suka daɗe suna yi wa kallon matar Lukmanu, ita ma ta daɗe da yarda. Ba yau ta fara shiri ba. Tun makon jiya ta tura direbansu Kuchigoro da sunan sayen hula, ya dawo mata da abin da ya fi hula.

"Wataƙila ba ta ji ba ne," in ji Hajiya.

"Ta ji sarai. Ki tambaye ta waye Salisu."

Rahmatu ta ɗago ido. Abin mamaki, sai ta ji wani sauƙi ya sauko mata.

"Yayana ne. Ƙarya na yi miki ɗazu, Hajiya, ki yafe ni."

"Yana ina?"

"Ban sani ba."

"Sojoji ne suka kama shi," Kauthar ta ƙarasa mata, "kwana biyu bayan bam ɗin. Da jini a rigarsa."

Wata dattijuwa ta yi salati. Wadda ke kusa da Rahmatu ta janye mayafinta.

"Gaskiya ne, da jini," Rahmatu ta ce. "Baro yake turawa a tashar. Da shi ya ciyar da mu tun da aka ƙone garinmu muka biyo shi Abuja. Ranar da abin ya faru, yini ya yi yana kwasar mutane, masu rai da marasa rai. Ya dawo ko magana ba ya iya yi. Inna ta jiƙa rigar a bokiti, jinin ya ƙi fita. Da aka kewaye kangon da muke kwana, aka kwantar da duk namiji a ƙasa, sai suka ga bokitin..."

Ta dubi Hajiya.

"Babu barikin da ba mu je ba. Ko'ina sai a ce ba a san da shi ba."

Hajiya ta dafa kujera. Leɓenta na motsi kafin maganar ta fito.

"Mai baro... Shi ne ya ɗauki Alhaji?"

Da Rahmatu ta ce e, da wataƙila labarin nan ya ƙare da biki. Amma ta gaji da ƙarya a gidan nan.

"Ban sani ba, Hajiya. Masu baro da yawa ne suka yi ɗauka ranar. Tare aka kwashe su duka."

Fuskar Hajiya ta motsa, kamar za ta yi kuka, sai kuma ta rufe. Kada mu yi saurin zagin ta. Shekara uku tana kwana da sanyin cewa an kama waɗanda suka kashe mata miji. In ta yarda da yarinyar nan, ina za ta kai amin ɗin da ta yi ta faɗi?

"Soja ba ya kama mutum haka kawai," ta ce a hankali. "Tashi ki tafi, yarinya. Yau ranar mijina ce."

A bakin ƙofar gida Lukmanu ya cim mata, babbar rigarsa na jan ƙasa.

"Rahmah! Tsaya mana. Me ya faru? Kalma ɗaya ce fa... amin kawai, da kin faɗa an wuce wurin."

Ta juyo ta dube shi.

"Kai ka faɗa?"

Ya shiga tattare babbar rigarsa.

"Ka faɗa, ko? Kana sane da Yaya Salisu, ka ɗaga hannu ka faɗa."

"Kowa na kallo na, Rahmah. Mahaifina ne."

"Ni kuma yayan nawa a ƙasa na tsince shi?"

Ta tari mai keke ta shiga. Hanya duk sababbin benaye, wasu ba a gama ba an fara wasu. Garin nan akwai shi da saurin gini, ga saurin share wuri. Kangon da aka kama Salisu ma yanzu katafaren shago ne mai gilashi.

Mako guda Lukmanu bai zo ba. Ta rame, ta daina cin abincin kirki, hular da take yi masa ta ɗaurin aure kuwa ta cusa ta ƙarƙashin katifa don kada ta gani. Ranar da ya zo, a ƙofar ɗakinsu na buhu da kwano ya same ta, kusa da baron Salisu. A cikinsa suka turo 'yan komatsansu zuwa Kuchigoro, kuma tun daga nan mahaifiyarta, Inna Hansatu, ta ɗaure shi da sarƙa. Duk Juma'a sai ta ɗiga wa tayar mai, wai kada ya dawo ya tarar ta ci tsatsa.

Lukmanu ya zo da fara'a, irin ta wanda ya ci yaƙi.

"Albishirinki, sanyin idona. Mami ta sauko."

Ba za a ɓoye ba, ta yi murna.

"Da gaske?"

"Wallahi. Na yi kwana uku ban ci abincin gidan ba sai da ta kira ni. Sharaɗi biyu kawai. Kada a ambaci sunansa a gidanmu. Sannan ku yi masa sadakar mamaci, a rufe maganar, don in an zo bincike a ce ya rasu tun a can gida. Kin san aikina, Rahmah. In aka ji surukina yana hannun soja..."

Murnar ta zube kamar ruwa a rariya.

"Wa zai gaya wa Inna ya mutu? Kai?"

"Rahmah, shekara uku fa. Ke ma kin san..."

"Ban sani ba. Abin da ke kashe mu ke nan, ban sani ba. Ku kun ga gawa, Lukman. Kun wanke, kun yi salla, kuna da kabarin da kuke zuwa, kuna da rana, kuna da rumfa da lasifika. Mu baro muke da shi."

Idonsa ya ciko.

"Ina son ki. Wallahi ban taɓa son wata kamar ke ba."

"Na sani. Ni ma haka, shi ya sa na yi ƙarya saboda kai." Ta share ido da bakin hijabi. "Ni ma ina da sharaɗi, guda ɗaya. Shekara mai zuwa, ranar addu'ar Abba, ka karɓi lasifikar ka ce Allah ya kuɓutar da duk wanda aka kama bai ji ba bai gani ba. Ko sunansa ba sai ka faɗa ba."

"A gaban Kawu?"

"A gabansa."

Ya dubi takalminsa. Ya dubi baron. Ya dubi yaran da suka kewaye motarsa suna leƙen gilashi. Ita kaɗai ce bai duba ba.

"Ki ba ni lokaci..."

"Je ka, Lukman. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Bayan babbar salla aka ɗaura aurensa da Kauthar. An ce an yi biki na gani na faɗa. Rahmatu ta yi kwana biyu tana zazzaɓi, rana ta uku ta ciro hular nan ta ƙarasa ta, ta sayar wa wani direban tanka da ko ɗinkin bai tsaya dubawa ba.

Shekara ta zagayo. Da yamma tana gindin bishiyarta sai ga motar Lukmanu. Shi kaɗai ne. Ya yi ƙiba kaɗan, amma idonsa ya faɗa.

"Daga wurin addu'ar nake," ya ce.

Ba ta ɗago ba.

"Na karɓi lasifikar, Rahmah. Na faɗa."

Allurar ta tsaya.

"Kawu ya tashi ya bar rumfar. Kauthar ta tafi gidansu. Maza ba wanda ya amsa... sai daga falo na ji murya ɗaya. Ta Mami."

Hawaye ya zubo mata, ba ta hana shi ba. Wannan ce maganar da ta roƙa da dukan zuciyarta, ga ta ta iso bayan an gama komai.

"Ka kyauta," ta ce. "Amma ka makara."

"Na sani. Ba don ki dawo na yi ba. Ko da yake, in da za ki..."

"Kada ka ƙarasa. Je ka ka ba matarka haƙuri. Wanda ya ɗauki shekara kafin ya yi magana ɗaya, ba ni da sauran shekarun da zan jira ta biyu. Jira ɗaya ya ishi gidanmu."

Inna Hansatu ta fito da 'yar kwalbar manta a hannu, ta tsufa fiye da shekarunta. Lukmanu ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, sannan ya matsa kusa da baron ya ɗaga hannu.

"Inna, bari in yi masa addu'a. Allah ya jiƙan Sali..."

"A'a, ɗana." Ta dafa hannunsa ta saukar da shi. "Ba a kawo mini gawa ba. Ka ce Allah ya dawo da shi."

Ya sake ɗaga hannun.

"Allah ya dawo da Salisu."

Rahmatu ta ajiye allura, ta ɗaga nata hannuwan.

"Amin," ta ce.

Ba ta raka shi mota ba. Ta karɓi kwalbar daga hannun Inna, ta tsuguna ta ɗiga wa tayar mai.