Malamin da Ya Ba Teku Baya

A wani zamani an yi wani malami da ya rantse sai ɗalibansa sun ga teku ido da ido. Da suka isa wani sansani a bakin teku, sai ya kafa allo tsakaninsu da ruwan, ya zana musu teku da alli.

Can sai wata ɗaliba, Tasalla, ta leƙa ta ƙarƙashin allon. "Malam, ruwa fa na matsowa."

"Dubi allo. Ruwa ba ya cika sai da damina."

"Malam, ya taɓo tabarmarmu."

"Dubi allo, uwar surutu! Rani ake yi."

Yara suka kwashi takalmansu suka haye tudu. Daga can suka more kallon teku, har da allon malam yana tafiya a kanta. Shi kuwa malam ya iso tudun sharkaf, da takalmi ƙafa ɗaya.