Wanda Ya Riƙe Tsani

Kafin Insifekta ya iso, har an rufe gawar wani mai gyaran wuta da zane a ƙofar shagon ɗinki. Tsanin da ya faɗo daga kansa na jingine da bango. Mutane kuwa sun riga sun gama shari'a: ƙanensa, Auta, shi ya riƙe tsanin, kuma da safe an ji su suna cacar baki.

"Me ka gani?" Insifekta ya tambayi telan.

"Yallaɓai, marigayin tangaɗi yake tun zuwansa. Magana ma harshensa ya yi nauyi. Na ce ko ya sha wani abu ne."

"Faɗan na mene ne?"

"Auta ne ya ce kada ya hau. Shi kuma ya ƙi."

Duk da haka aka sa Auta a bayan kanta. Laifin kisa ba wasa ba ne.

Likitan asibiti ya ce babu giya babu ƙwaya a jinin marigayin.

"Majinyacina ne. Jikinsa ba ya karɓar gulutin, sinadarin da ke cikin alkama. Shi ƙwaƙwalwa yake taɓa masa. Ƙafa ta ƙi bin umarni, hannu ya yi rawa. Tun da ya daina ci ya miƙe sarai."

"To, ya koma ci ke nan?"

"Ko kuma ana ba shi."

Matar marigayin na zaune a gida da jariri a cinya. Ta nuna wa Insifekta tukunyarsa daban, rariyarsa daban, har muciya.

"Ko burodi ba ya shiga gidan nan. Amma tun da na haihu, a wajen Inna yake ci."

Inna, uwarsu, ta tarbe shi da ido a kumbure.

"Kina girki da fulawa?"

"Ni? Rabona da ita an daɗe."

Insifekta mutum ne mai kunyar tsofaffi, amma idonsa ba shi da kunya. A bayan kwanuka ya hango wani gwangwanin gari, cokali a tsaye cikinsa. Ya murza garin a yatsa da ɗigon ruwa. Ya yi danƙo irin na fulawa.

"Inna, wannan fa?"

"Na maƙwabciya ne."

"Shi ke nan. Gobe za a gurfanar da Auta a kotu."

Ya juya zai fita. Ta tare bakin ƙofa.

"Auta bai ture tsanin nan ba. Ni ce."

"Ina jin ki."

"Cokali ɗaya nake sawa a miya, don ta yi kauri. Ni na haife shi, da alkamar nan na raine shi. Na ɗauka iyayi ne kawai irin na matarsa da likita, sun ramar min da yaro. Na ce in ya ci bai sani ba, ya ga bai mutu ba, sai in faɗa masa mu yi dariya."

"Bai ce miki komai ba?"

"Jiya kofi ya suɓuce masa. Ya ce, 'Inna, ba ki sa min komai ba ko?' Na rantse masa."

Abin ya yi wa Insifekta ciwo ƙwarai. Bai bari Kofur ɗin da ya rako shi ya ciro ankwa ba, ya jira ta yafa mayafi.

A ƙofar ofis suka ci karo da Auta, an sako shi bisa saƙon da Insifekta ya aika tun suna hanya. Ya zo da sauri ya kama hannunta.

"Inna, ke da kanki kika zo ɗaukata?"