Da Bakinka, Baba

Ranar Asabar, 29 ga Mayu, 1999, ranar da soja suka miƙa mulki, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Baffa Dabo ya shigo gidan wansa Alhaji Sammani a Fagge da saƙo.

"Lubabatu, babanki ya ce ki fita harkar yaron nan na Sabon Gari."

"Ban ji ba, Baffa."

"Ke! Kurma kika zama?"

"Shekara ashirin da biyu ana yi min aike a cikin gidanmu. Yau kam, no!"

Lubabatu 'yar fari ce. Don kunya, Alhaji da mahaifiyarta Hajja ba su taɓa kiran sunanta ba, balle hira. Ta rame, barci ya ƙaurace mata, ba wanda ya tambaya. Sai ranar da Kamaldeen, Bayarabe mai gyaran agogo a Sabon Gari, ya kai ta gaida mahaifiyarsa. Mama Silifat ta riƙe hannunta ta ce, "'Yata, me yake cin ki?" Nan ta fashe da kuka.

Yau kuwa Lubabatu ta wuce Baffa, ta durƙusa a ƙofar ɗakin Alhaji.

"Baba, in ka ce in bar shi, wallahi zan bar shi. Amma da bakinka, kuma ka kira sunana!"

Hajja ta dafe ƙirji. "Wannan yarinya ta zubar da kunya!"

"Kunyar ce ta kusa kashe ni, Inna."

Alhaji ya saka takalmi ya fita. Kashegari bayan la'asar ta sake durƙusawa. Haka kullum, har kwana goma sha bakwai. A na sha takwas ya tsaya, ya dube ta sosai, ya ga ƙasusuwan wuyanta.

"Lubabatu," ya ce, "yaushe kika zama haka?"

"Da daɗewa, Baba."

Ya zauna a ƙasa. "To, gaya min. Me kika gani a wurin yaron?"

Suka yi magana har magariba. Bayan babbar salla aka ɗaura aure.

Kunya ado ce, amma ɗan da ba a yi masa magana, maraya ne da iyayensa a raye.

Alhaji ya rasu bayan shekara shida, Baffa Dabo ya bi shi. Saura Hajja, da Mama Silifat da ta makance, da Kamaldeen, da Lubabatu, da 'ya'yansu uku.