Fuska Ɗaya a Bango

"Ku sauke shi! Na ce ku sauke zanen nan!"

Ihuna ya cika zauren baje kolin, baƙi suka juyo da kofunan lemo a hannu.

Gasa aka sa mana mu masu zane: kowa ya sabunta hoton tsohon marubucin wasan kwaikwayon nan da ya rasu tun zamanin kakanni, wanda hotonsa ɗaya tak ya rage, shi ma ya koɗe. Ni sai na ari fuskar wanda zan aura. Wata da watanni yana zama gabana cikin rigar mutanen da, ina daka masa tsawa, "Kar ka motsa! Haɗe rai, marubuci ba ya washe baki."

Mama ta sha faɗa min, "Yaron nan ba shi da sana'a sai zama a kalle shi. Ki bi a hankali."

Ban ji ba.

Yau ga nawa a bango. Gefensa ga na 'yar kawuna... fuskar dai ita ce! Sai dai a nata dariya yake, har ana ganin karyayyen haƙorin da yake ɓoye wa duniya. Na ɗauka ni kaɗai ya taɓa nuna wa.

'Yar kawun nawa ta matso tana yauƙi.

"Haba Yaya, miye na ihu? Ke kin zana gawa, ni na zana mai rai."

Na juya wurin saurayin nawa, yana tsaye cikin baƙi.

"Zumana... ce min daga hotonka na waya ta kwafa. Ce min ba ka zauna mata ba."

Ko kallona bai yi ba, yana gyara agogo.

"Ke kujera kike ba ni da tsawa. Ita in na gaji, ajiye burushi take."

Na zare zoben baikonmu, ya faɗi ƙasa yana gangarawa. Ta sa tsinin takalmi ta tare shi, ta ɗauka, ta gwada a yatsanta.

"Kash, ya ɗan yi min yawa. Za a rage."

Sai ƙofa ta buɗe. Wata doguwar mace da ba wanda ya sani ta shigo, rungume da allon zane a lulluɓe. Ta yaye ƙyallen.

Shi ne dai. Barci yake, kansa bisa cinyar wata.

"Ku yi haƙuri na makara," ta ce. "Ina zan rataye nawa?"